Abin da Orval Ke Yi a Gindin Tudu

Kwarin Spivey, Tennessee
Farkon Oktoba, 1983

Yaya Denzil,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kai da Wanda da gwiwarta mai ciwo. Na san za ka ce me ya hana ni buga waya. Layinmu ɗaya ne da maƙwabta, kuma ka san matar Cletus, kafin in ɗaga ta riga ni, har numfashinta nake ji. Shi ya sa ka ga takarda.

Jikin Orval da ɗan sauƙi. Ɓarin dama dai bai dawo ba, kuma tun ranar da ya faɗi a bakin tafki kalma ɗaya ce ta rage a bakin mijin nan nawa, ita ce "a'a". Ka kawo masa wake da burodin masara, zai ce "a'a" yana buɗe baki. Ka tambaye shi ko yana jin sanyi, "a'a", alhali yana jan bargo.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Asibiti za su sallame shi ƙarshen watan nan. Wata ma'aikaciyarsu, Misis Gentry, ta zo ta duba gidanmu, ta ga matakalar baranda, ta ga ɗakin kwana da banɗaki duk a bene, ta ce ba zai yiwu ba. In babu wurin da keken guragu zai shiga ba hawa ba sauka, gidan jinya na gwamnati za su kai shi, can Nashville. Tafiyar rabin yini ce, Yaya. Mutumin da ba ya iya cewa a ba shi ruwa, wa zai fahimce shi a can?

Sai na tuna da tirelarmu ta kwana, ɗan gidan nan mai taya da muke ja da mota in za mu tafki. Akwai gado, da ruwa, da banɗaki, kuma ka san dandamalin da Orval ya gina mata a bayan gida, daidai da bakin ƙofarta. Misis Gentry ta ce in ta zo ta tarar da ita a wurin, an haɗa ruwa da wuta, za ta sa hannu ya dawo gida. To tirelar tana gindin tudu, inda Cletus ya ajiye mana ita da ya jawo ta daga tafki. A sama kuma babu wurin juyawa, sai da baya ake hawa da ita, kamar yadda Orval ya saba.

Kada ka ce ban iya ribas ba. Ni ce nake shigar da amalanken tabar Baba cikin rumbu da baya tun kana tsoron kuloci. Na shiga a-kori-kura, na saita ta tsaf, tirela ta fara hawa kamar abin arziki. Tana ɗaga gindi sama, mota tana kan titi ba ta kai ga tudun ba, sai tayoyin baya suka kama juyawa a wuri ɗaya, suna watsa tsakuwa. Na sake, na sake, har ƙaurin roba ya cika kwarin. Motar nan ce fa, tirelar nan ce, tudun nan ne. Shekara da shekaru Orval yana hawa ko tari motar ba ta yi. Me ya canza?

Kai ne mai irin wannan tirela a cikin dangi. Ka faɗa mini abin da zan yi, kuma don Allah a taƙaice.

Ka gaida Wanda.
Ƙanwarka,
Ozella

Ocala, Florida
Oktoba, 1983

Zuwa ga ƙanwata Ozella,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta same mu lafiya. Mun sa sunan Orval cikin addu'ar ranar Laraba a cocinmu.

Game da tambayarki, ki kwantar da hankali, domin abin ba shi da wuya ga wanda ya san shi. Na ja tirela daga nan har bakin teku ta kowane ɓangare, ban taɓa samun matsala ba.

Ki duba inda mota ta haɗu da tirela. Bayan ƙwallon ƙarfen da wuyan tirela ke zama a kai, za ki ga sanduna biyu na ƙarfe sun miƙe baya, kowacce da sarƙa a ƙarshenta, an rataye ta a jikin wuyan. Aikin sandunan nan shi ne raba nauyi. Ki ɗauka hannayen baro ne: idan aka ɗaga su, nauyin da ya danne gindin mota sai ya koma tayoyin gaba da na tirela, komai ya daidaita. Ina kyautata zaton Cletus, wanda bai san komai ba sai shanu, ya rataye sarƙoƙin da sako-sako. Akwai guntun bututun ƙarfe a bayan kujerar mota, da shi ake ɗaga maratayin. Ki sa a ƙara ɗaure kowace sarƙa da zobe ɗaya, ko biyu ma. Kuma ko wa ya ce miki ki cire sandunan, kada ki yarda. Ba a motsa tirela babu su. Wannan doka ce.

Sannan a matsayina na yayanki zan faɗi wata magana, ko da ba za ta yi miki daɗi ba. Ba yarinya ba ce ke. Ɗaga namiji daga gado zuwa keke kullum ba wasa ba ne, ga sanyi yana tafe. An ce gidan jinyar nan na Nashville yana da tsabta. Ki yi tunani.

Wanda ta ce a tambaye ki ko tuffa ta yi bana.

Naki da ƙauna,
Denzil Ledford

Kwarin Spivey
Tsakiyar Oktoba

Yaya Denzil,

Ina gaisuwa. Ka ce wa Wanda tuffa ta yi, tana ruɓewa a ƙasa, ba mai tsinta. Maganar Nashville kuma na karanta, na naɗe, na sa a murhu.

Na bi shawararka, Yaya, kuma da ka zo ka ga abin da ta haifar! Ranar Asabar mazan coci suka zo taimako, Ɗan'uwa Pruitt fastonmu a gaba. Na karanta musu takardarka a tsaye kamar wa'azi. Cletus ya ji inda ka ambace shi, ya ce, "A gaya wa mutumin Florida shanun suna gaishe shi." Aka ɗauko bututu, mutum biyu suka danna da ƙyar, aka ƙara zobe biyu kowane gefe.

Na shiga na sa ribas. A da tayoyin suna karce ƙasa ne. Wannan karon ko ƙasar ba su samu ba! Tirela tana hawa, gindin mota ya ɗaga, na ji shi a kujerata. Cletus yana ihu, "Misis Ozella, ba ta wuta!" Ina ba ta wuta, taya tana wulwulawa a iska. Ɗan'uwa Pruitt ya durƙusa ya leƙa, ya ce yana hango takalmin Cletus ta ƙarƙashin tayar.

Daga nan kowa ya zama gwani. Wannan ya ce a sassauta iskar taya, wancan ya ce a ƙara. Wani ya ce laifin tsakuwa ne. Cletus ya ce nauyi ake nema, ya sa ƙarti shida suka hau bayan mota suka zauna, har da Tsoho Mackey da sandarsa. Na sake gwadawa. Sai muka ji ƙarfe ya yi wani irin kuka daga wuyan tirela, kukan da ya sa ƙartin nan suka dire ba wanda ya jira wani. Mai kawo wasiƙu ya tarar mun tare hanya, ya kashe motarsa ya zauna kallo. Da ƙyar na gangaro da ita. Cletus ya ce zai kawo tarakta, amma taraktarsa tun bazara take a warwatse cikin rumbu. Kamfanin da ya sayar mana da tirelar kuwa ya daɗe da rufewa.

Washegari na je wurin Orval na ba shi labari, ina zaton zai yi dariya. Da na zo wurin ƙara ɗaure sarƙa, sai mutumin nan ya kama dukan gado da hannun hagu, yana "a'a, a'a, a'a", fuska ta yi ja. Na ce, "To in ƙara zobe uku ne?" A'a. "In mayar yadda take?" A'a. "In bar ka su kai ka Nashville?" A'a. Yaya, wacce "a'a" ce ta gaskiya a ciki? Na ba shi fensir, ya zana wani abu kamar tsutsa, ya jefar, hawaye suka zubo masa. Tunda na aure shi ban taɓa ganin ya yi kuka ba, ko ranar jana'izar uwarsa. Na fito na zauna a mota na yi nawa.

Akwai kuma wani abu. Ka san al'adarmu in mun dawo daga tafiya: Orval ya tsaya a gindin tudu, ya ce, "Hau ki buɗe ƙyaure, ki ɗora kofi." Ni in hau da ƙafa, in buɗe, in ɗora, in dawo bakin ƙyauren shinge in tsaya ina nuna masa hanya da hannu. Kullum sai ya ɗan jima a ƙasa kafin in ji tashin mota. Ni kuwa na daɗe ina zargin sigari yake sha a ɓoye, tun da likita ya hana shi. Jiya na tsaya a daidai inda yake tsayawa, ina ta dube-dube kamar wadda ta yar da ɗan kunne. Na zura hannu cikin kogon tsohuwar bishiyar nan ta kusa da akwatin wasiƙu. Ka san me na ciro? Gwangwanin kofi, da kwalin sigari da ashana a ciki. Munafuki! Amma a bayansa akwai guntun bututun ƙarfe, irin na cikin mota sak, bakinsa har ya yi santsi don amfani.

Me bututu yake yi a cikin bishiya? In ɗaure sarƙa yake yi da shi, ai mun ɗaure mun ga tsiya. Kaina ya ƙulle, kuma wata yana tafiya.

Ƙanwarka,
Ozella

Ocala, Florida
Oktoba, 1983

Ozella,

Bayan gaisuwa, na karanta takardarki sau da yawa, kuma gaskiya ban gane ba. Bisa ƙa'ida abin da kika bayyana bai kamata ya faru ba. Na fita na duba tawa tirelar, na kwanta a ƙasa na leƙa, har Wanda ta zaci faɗuwa na yi. Na tambayi abokaina biyu na sansanin bakin teku. Ɗaya ya ce a ƙara ɗaurewa, ɗaya ya ce a sayi babbar mota. Da na kwatanta musu tudunku, sai suka tambaye ni me ya sa mutum zai gina gida a irin wannan wuri.

Wanda ta ce in gaya miki cewa a duk garin nan babu tudun da ya kai kan gadar jirgin ƙasa, kuma ban taɓa hawa ko ita da baya ba. Ban ga amfanin faɗin wannan ba, amma ta tsaya a kaina sai na rubuta.

Game da bututun, wataƙila da shi yake kashe macizai.

Ina roƙonki kada ki sake gwadawa. Idan wuyan tirelar ya karye tana kan tudu, kanki za ta gangaro. Na riga na rasa lafiyar suruki, ba na son in rasa ƙanwa. Ki sa hannu a takardar Nashville, ni da Wanda za mu riƙa zuwa muna kai ki.

Yayanki,
Denzil

Kwarin Spivey
Ƙarshen Oktoba

Yaya Denzil,

Gaisuwa da godiya. Na san tsoro ne ya sa ka rubuta abin da ka rubuta, don haka wannan karon ban sa ta a murhu ba. Ka zauna ka karanta, ka kira Wanda ma.

Na yi ta juya maganar bututun nan har na gaji da kaina. Daga baya na ce, wai ni wa nake ta tambaya? Mutumin da ya san abin yana nan da ransa. Baki ya rasa, idonsa da hannunsa ɗaya suna nan. A kan gadon asibiti ba shi da abin nunawa sai bango. Na je na roƙi likita ya ba ni aron mijina na yini ɗaya. Ya yi ta jan magana, na ce masa in bai bayar ba zan zauna a ofishinsa da ƙwaryar saƙata har ya yi ritaya.

Ranar Lahadi bayan coci Ɗan'uwa Pruitt ya ɗauko shi a motarsa. Muka sauke shi a gindin tudu, muka tura kekensa har gaban wuyan tirela. Cletus ma ya zo, wai wucewa yake yi. Orval ya dubi sarƙoƙin nan da muka ɗaure tamau, ya dubi Cletus, ya dube ni. Kallon kawai ya ishe mu.

Na ciro bututun daga bishiya na nuna masa. Ya gyaɗa kai, yana cewa "a'a". A nan na yanke shawara na daina sauraron bakinsa, kansa zan riƙa kallo. Na zura bututun a maratayin sarƙa zan danna, sai ya buga hannun keke da ƙarfi har na firgita. Ya nuna jak ɗin da ke wuyan tirela, ya juya hannu a iska.

Cletus ya ce, "So yake a raba ta da motar."

Orval ya harare shi.

Ɗan'uwa Pruitt ya ce, "Ina jin cewa yake a juya, amma kada a kwance."

Na kama juya jak, wuyan tirela yana ɗagawa tare da gindin mota, ina juyawa ina kallon Orval. Can sai na ga sarƙoƙin sun saki jiki, har suna lilo. Ya ɗaga tafin hannu, na tsaya. Ya nuna bututu. Na zura, na sauke maratayin, ya sauko a hankali ba gardama. Cletus ya ce da na yi haka tun ɗazu, sarƙa tana ɗaure, da bututun nan ya fizge ya farfasa mini gwiwa. Na zare sarƙa, Orval ya nuna sandar kanta, ya nuna bayan mota.

Na ce, "Orval, cirewa za a yi? Gaba ɗaya? Yaya Denzil ya ce doka ce."

Ba zan faɗa maka abin da ya yi da fuskarsa ba.

Muka cire duka biyun muka jefa a bayan mota, na sauke jak. Gindin mota ya zauna daɓas, kamar an ɗora mata buhunan masara. Sai a lokacin abin ya faɗo mini. A kan shimfiɗaɗɗen titi irin naku sandunan suna ɗage gindin mota kaɗan, kuma abin da ake so ke nan. Amma in tirela ta fara hawa tudu mota tana ƙasa, wurin haɗin ya lanƙwashe, sarƙa ta ƙara jan sandunan sama, su kuma su ɗauke tayoyin baya daga ƙasa. Tayoyin da ke tura mu fa! Mu kuma muka ƙara musu zobe biyu. Sau nawa na ga sandunan nan kwance a bayan mota in mun iso? Na ɗauka a sama yake cire su, lokacin da nake kwashe kwanuka.

Na juya zan shiga mota, sai Orval ya riƙe rigata. Ya nuna kansa, ya nuna saman tudu. Na ce, "Au, kai za ka buɗe ƙyauren?" Ɗan'uwa Pruitt ya hau da shi a mota, ya ajiye kekensa a daidai inda nake tsayawa, ya sa dutse a tayar. Ni na rage a ƙasa. Ban ɓoye maka ba, na buɗe gwangwanin nan na kunna guda ɗaya, na yi tari har na ga taurari.

Na sa ribas. Yaya, ta kama ƙasa! Na ji tsakuwa tana ƙara a ƙarƙashina, tirela tana tafiya sannu sannu, mota tana binta. Cletus yana tafe a gefe yana ihun da ban ji ko kalma ɗaya ba. Na duba madubi in ga hannun Orval. Babu shi. Na duba ɗaya madubin, babu. Jikin tirela ne kawai da ganyaye. Na leƙa ta taga, ban ga ƙyaure ba balle mutum. Haka na hau tudun nan ni kaɗai, ina bin bakin kwata da ido. Sai a kwanar ƙarshe, saura kaɗan a shiga, na hango shi ɗan mitsitsi a gefen madubi, yana ta kaɗa hannun hagu kamar mai korar ƙuda.

Ka gane abin da nake gaya maka? Shekara talatin ina tsaye a wurin nan, cikin ruwa, cikin rana, ina "hagu, dama, taho, taho", har in shiga gida ina yabon kaina cewa ba don ni ba da ya faɗa rami. Ashe mutumin nan ba ya ganina!

Da na daidaita ta a bakin dandamali na ja birki, na fito. Na tsaya a gabansa na ce, "Orval Messer, wato korata kake yi don ka sha sigarinka? Ko kuwa tsoro kake kada abin ya ƙwace ina ƙasa?" Ya ce "a'a". Na ce, "Wanne ne a'a?" Ya yi dariya da rabin bakinsa, har yawu yana zuba, na goge masa. Har yanzu ban san amsar ba, kuma ban san ko fushi nake yi ba.

Misis Gentry ta zo, ta buɗe famfo, ta tura keken ciki da waje, ta sa hannu. Jibi zan ɗauko shi.

Ka gaida Wanda, ka ce mata ta yi gaskiya game da gadar jirgi.

Ƙanwarka,
Ozella

Kwarin Spivey
Disamba

Yaya, wannan ta ƙasa Orval ne ya rubuta da hannun hagu. Ya yi mako yana fama da ita, ya hana ni taimaka masa. Na karanta, amma ban ce masa na karanta ba. Barka da Kirsimeti. Ozella.

Denzil,

Sannu.

Ina gida.

Tudu: cire sanduna.

Ozella ta ce ba na ganinta. Ina ganinta. Kwanar ƙarshe. Don haka nake hawa.

Aiko sigari.

Orval